Saƙar Bahaguwa

Sun cike kududdufin bayan gidanmu. Ban sani ba sai kwanan baya da gaisuwar mutuwa ta kai ni tsohuwar unguwarmu, Soron Ɗinki. Mai adaidaita sahu ya sauke ni, na tsaya ina waige-waige, ina neman ruwan da na saba gane hanya da shi, babu shi babu alamarsa. Inda kainuwa take shimfiɗe kore shar, yanzu jerin shagunan bulo ne, masu gyaran waya da masu ruwan leda, ga janareta tana ta ɓaɓatu. Matan da muka je tare suka ga na yi turus idona ya kawo ruwa, suka shiga ba ni haƙuri, sun ɗauka mamaciyar nake wa kuka. Na bar su a haka. Ta ina zan fara gaya musu cewa ruwa nake nema, ruwan da mu kanmu a da tsoronsa muke ji?

Wanda bai tashi a cikin birni a wancan zamani ba, da wuya ya gane irin shirun da muke da shi. Safiya dai ba ta da shiru. Tun assalatu za ka ji guga tana dukan bangon rijiya, sai lugude ya tashi daga wannan gida zuwa wancan, mata suna cilla taɓarya sama suna tafawa kafin ta dawo. Daga zauruka kuma kekunan ɗinki su ɗauka, don unguwarmu ta maɗinka ce, babanmu ma sana'arsa ke nan. Mai koko ta wuce, mai nono ta wuce, mai gyaran ƙwarya ya wuce yana jan murya. Amma da rana ta take tsaka, sai duk abin ya ɗauke kamar an kifa murfi a kan tukunya. Maza su kishingiɗa, kaji su lafe a gindin bango. Lungunan nan masu dogayen katangun ƙasa su zama wayam, kana tafe kana jin takun ƙafarka kamar wani ne ke biye da kai. Kurciya kaɗai za ka ji, ita ma daga nesa. Yanzu birni ba ya yin shiru ko na ɗan lokaci, kuma jikokina ba su san an taɓa yin zamanin da rana ta fi dare ban tsoro ba.

Tsofaffinmu sun ce rana tsaka ba lokacinmu ba ne, na wasu bayin Allah ne da muke zaune tare ba ma ganinsu. Ba a zubar da ruwan zafi ba bisimilla. Ba a zama a bakin ƙofa. Ba a tsayawa ana leƙen fuska a kududdufi. Idan aka kira ka sau ɗaya ba ka ga mai kiran ba, ka yi shiru har sai an sake. Wadda ta fi kowa riƙe waɗannan a gidanmu ita ce Iya, kakata ta wajen uba. Sunanta aka sa mini, shi ya sa ba mai faɗar sunana na yanka a gidan, sai dai a ce Mai Sunan Iya. Idonta ya riga ya tafi tun kafin in yi wayo, haske da duhu kawai take bambancewa, amma hannunta ya maye mata gurbin ido. Takan shafa tsaba ta ce ba a surfa ta da kyau ba. Takan taɓa ɗinkin Baba ta nuna masa inda allura ta kauce. Abu ɗaya ne ke kayar da ita, tari. Da zarar sanyi ya shigo sai ya shaƙe mata wuya, ta yi ta yi har ta riƙe ƙirji, mu kuma mu yi tsuru-tsuru muna jiran ta samu numfashi.

A shekarar da nake magana, saƙa ta shigo wa 'yan matan unguwa kamar annoba. Kowace ka gani da tsinken tsintsiya biyu da guntun zare tana ƙulle-ƙulle. Masu gata su ne masu kwarashi, wannan ɗan ƙarfen mai lanƙwasa a baki. Na dami Innata da naci har ta gaji. A wajen wani biki ta haɗu da wata matar malamin asibiti da ke zaune ta wajen Kabara, wadda aka ce ta iya saƙa iri-iri, ta roƙe ta, ita kuma ta ce a turo ni. Baba ya sami wayar keke ya goga mata baki da dutse ya lanƙwasa, ya zama kwarashi. Inna ta warware wata tsohuwar rigar sanyinsa mai ruwan toka, muka naɗe zaren ƙwallo guda, duk ya yi cukwi-cukwi da tsohuwar saƙa. Lokacin zuwa ne ya zama matsala. Da safe ina da shara da wanke-wanke da makarantar allo, da yamma ga niƙa ga reno. Rana tsaka kaɗai ta rage.

Iya ta ce, “Ba za a tura mini yarinya bakin ruwan nan da tsakar rana ba.”

Inna ta ce, “Iya, ai nan da nan ne. Kuma ba tsayawa za ta yi ba, wucewa ce.”

Iya ta juya fuska bango. Inna ba ta fita da rana, don haka kwatance ta yi mini: in bi gefen kududdufi, in wuce dabinon nan mai karkata, in shiga lungu, zan ga gida mai ƙyauren katako.

Na bi gefen ruwan ina sauri ban kalle shi ba. Na wuce dabino. Sai na tarar lungu biyu ne, ba ɗaya ba, kuma babu ko akuya balle mutumin da zan tambaya. Na shiga na hagu. Lungun ya yi ta matsewa har kafaɗuna suna gogar bango, iskar ciki kuma da sanyi-sanyi kamar ta bakin randa. A ƙarshensa ga ƙyauren katako a buɗe. Ina tsaye ina shawarar yin sallama sai na ji murya daga ciki, a hankali, ba ɗaga sauti.

“Mai Sunan Iya, shigo.”

Na amsa na shiga. A raina na ce ashe Inna ta gaya mata har yadda ake kirana.

Tana zaune a kan tabarma a ƙofar wani ɗaki, a inuwa, ta miƙe ƙafafu. Har yau idan aka ce in faɗi shekarunta ba zan iya ba. Wani lokaci in na kalle ta sai in ga kamar sa'ar Inna ce, in na sake ɗagowa kuma in ga ta girme ta nesa. Doguwa ce, baƙa, tana da wushirya. Zanenta saƙi ne irin wanda mata suka daina ɗaurawa tun lokacin. Tsakar gidan a share tas, amma babu murhu, babu turmi, babu shanya a igiya, ba kuma motsin yara. Na lura da haka, sai dai hankalin ƙuruciya bai ba shi wata ma'ana ba. Na durƙusa na gaishe ta. Ta karɓi zaren ta jujjuya, ta kai hanci ta shinshina.

“Wa za ki saƙa wa?”

Na ce, “Hula nake so in koya.”

“Hula sai hannu ya faɗa. Mai koyo da abin wuya yake farawa, miƙaƙƙe ne, ba ragi ba ƙari. Wa kike da shi mai jin sanyi?”

Na ce, “Kakata.”

Ta murza zaren a yatsunta. Sannan ta ce, “Har yanzu tana tarin?”

Na ce tana yi. Ta gyaɗa kai, ta ce in zauna a gabanta, gwiwa da gwiwa, in riƙa yin abin da na ga tana yi kamar ina kallon madubi. A nan na ga da hagu take riƙe kwarashi. Mu da aka tasa da cewa hagu ba ta karɓa ba ta bayarwa, abin ya ba ni mamaki, amma ya zo mini da sauƙi, don hagunta tana daidai damata.

Da sarƙa muka fara. A yi ɗan madauki, a zura kwarashi, a ɗauko zare a janyo, a sake, a sake, har ta yi kamar faɗin tafin hannu da rabi. Na yi ta matse zaren har ƙarfen ya ƙi shiga. Ta ce, “Sassauta. Ba kama ɓarawo kike yi ba.” Da sarƙar ta yi kyau sai ta nuna mini gajere da dogo. Gajere, ka zura ka janyo ka fitar gaba ɗaya. Dogo, sai ka fara naɗa zare a ƙarfen, ka zura, ka fitar biyu, ka sake fitar biyu. Ta ce in yi ta jera su, gajere ɗaya dogo ɗaya, har ƙarshen layi. In na juyo kuma in ɗora dogo a kan gajere, gajere a kan dogo. Shi ke nan duk sirrin. Da aka yi layuka kaɗan sai saƙar ta fara fitar da tudu da kwari, gurji-gurji kamar bayan lemon tsami. Ta ce irin wannan ta fi riƙe ɗumi, kuma ko wanda ba ya gani zai ji daɗin shafa ta.

Haka na yi ta zuwa kullum. Ba ta da surutu. In tana saƙa takan cije leɓenta na ƙasa, ba ka jin komai sai ɗan ƙis-ƙis na ƙarfe da zare. In na ɓata layi ba ta faɗa, sai ta karɓa ta warware, ta yi mini layi ɗaya ko biyu da hannunta in gani, ta miƙo mini. Duk sanda ta miƙo, sai in ji zaren da danshi. Ga shi rani ne, ko'ina a bushe ƙamas, leɓunanmu har tsagewa suke. Gefen zanenta ma kullum kamar wadda ta taso daga wanki, kuma wurin yana da wani wari-wari na laka da kainuwa. Na ce a raina ai gidan kusa da ruwa yake. Ba ta taɓa ba ni ko ruwan sha ba, ban kuma taɓa ganin ta tashi tsaye ba. Da ladan ya ɗaga murya da kiran azahar sai ta ajiye kwarashi ta ce, “Tashi ki tafi, kada a neme ki.” Tambayoyinta kuwa duk a kan gidanmu ne, kuma a fakaice. Ko bishiyar zogalen nan tana nan? Ko an gyara matakalar soro? Ko Iya tana iya cin tuwo da dare, ko sai kunu? Ina ba ta amsa ina saƙata, ina jin daɗi babba tana hira da ni.

Ranar da tsawon ya kai, na ce bari in je gida in gwada a wuyan Iya. Ta ce ba sai na je ba. Ta karɓa ta zagaya a nata wuyan, baki ya haɗu da baki daidai. Ta ce, “Ya yi.” Da kanta ta haɗe bakunan biyu ya zama zobe, ta ƙulle, ta kai zaren baki ta datse da haƙori. Sannan ta riƙe abin a fuskarta ta daɗe, idonta a rufe. Da ta miƙo mini ta ce, “Ki sa mata da hannunki. Ki ja mata shi har haɓa.”

Na dawo gida da murna na ɓoye shi a cikin kwallar Inna, da niyyar sai gari ya waye da sanyi in ba Iya mamaki. To, da yammacin ranar ake suna a maƙwabtanmu, mata suka cika gida har suka malalo namu tsakar gidan. Ina raba ruwa sai na ji Inna tana yi wa wata gajeriyar mata fara mai tabarau godiya, tana cewa Allah ya saka, yarinya har hannunta ya faɗa. Matar ta ce, “Wace yarinya?” Inna ta yafito ni. Matar ta dube ni sama da ƙasa, ni ma na dube ta. Ban taɓa ganinta ba.

Ta ce, “Ai ni na yi ta jira, da na ga shiru na ce ko kun fasa ne.”

Inna ta kama hannuna, ta ja ni ɗaki ta aika a kira Baba. Suka tsare ni da tambaya: ina nake zuwa, wa nake gani, me ta ba ni na ci? Na faɗi duk abin da na sani. Da na ce lungun hagu, Baba ya dubi Inna. Ya sa takalmi ya ce in wuce gaba, tun da sauran hasken rana.

Lungun yana nan yadda na san shi. Ƙyauren ma yana nan, sai dai a karkace, ƙusa ɗaya ke riƙe da shi, gara ta cinye ƙasansa. Muka shiga. Kango ne. Ɗakin da take zama a ƙofarsa rufinsa ya rufta, azara ta zubo ciki, tumfafiya ta fito a tsakiya har ta fi ni tsawo. Tsakar gidan da na sani a share, ga shi cike da busasshiyar ciyawa da kashin awaki. Amma a ƙofar ɗakin akwai wuri ɗaya fes, daidai faɗin tabarma, kuma ga guntayen zare mai ruwan toka a warwatse, waɗanda muka yi ta tsinkewa. Baba ya tsuguna yana duba ƙasa. Sawuna ne ko'ina, shiga da fita, shiga da fita. Bai ga na kowa ba. Ya taɓa wurin da take zama da tafin hannu, ya ɗago da sauri ya goge a riga. Wani tsoho da ke gidan bakin lungu ya ce masa rabon da a kwana a kangon nan tun kafin ya aurar da 'yarsa ta fari, kuma shi kam ya sha ganin yarinyar nan tana wucewa da rana, ya ɗauka ganyen tumfafiya ake aikenta.

Kafin magariba an kawo mini rubutu na sha, an turara ni da habbatussauda, an yi mini tofi har kaina ya jiƙe. Jikina ya ɗau zafi, ban sani ba ko na tsoro ne. Inna ta buɗe kwalla ta ɗauko abin wuyan da bakin muciya, ba ta yarda ta taɓa ba, ta nufi murhu da shi. Ni kuwa na fasa kuka, don duk tsoron da nake ji, wahalata ce, kuma shi ne abu na farko da na taɓa yi da hannuna.

Daga ƙofar ɗakinta Iya ta ce, “Me za a ƙona?”

Baba ya ce, “Ba komai, Iya. Wani tsumma ne.”

“A miƙo mini tsumman.”

Ba a yi mata musu a gidan. Inna ta sauke shi a gabanta. Iya ta lalubo ta ɗauka, ta baza a cinya, ta shiga bin sa da yatsu layi-layi, yadda take bin ɗinkin Baba. Gidan ya yi tsit, sai hayaniyar 'yan suna daga can.

Ta ce, “Nan hannunki ne, ga shi sako-sako. Nan ma naki ne.” Yatsun suka ci gaba, sai suka tsaya. Suka koma baya, suka sake tsayawa. “Nan kuma ba naki ba ne. Wannan ya kwanta ta ɗaya gefen. Bahaguwa ce?”

Na ce, “E, Iya.”

Ta laluba har inda aka haɗe bakin, ta kama ɗan wutsiyar zaren ta murza. “Da haƙori ta yanke?”

“E.”

“Tana da wushirya?”

“Tana da ita.”

“In tana saƙa tana cije leɓe?”

Kafin in amsa Baba ya ce, “Iya, don Allah ki bari. Yaya ta rasu. Mun yi mata sadaka, kowa ya shaida.”

Iya ta ce, “Ka ga gawarta?”

Ranar na fara sanin Baba yana da yaya. Ita ce 'yar farin Iya. Tana budurwa ta yi doguwar jinyar ƙafa a asibiti, a can ta koyi kwarashi wajen masu jinya, tun ba a san shi a unguwa ba. An yi ta dukan hagunta tana ƙarama har ta koma cin abinci da dama, amma saƙa ta ƙi sai da hagu. Ta yi aure ta haifi ɗa guda. Yana tatata ya sulale daga gida da rana tsaka, aka tsamo shi a kududdufin nan. Daga nan ta daina magana. Aka dawo da ita gidanmu, ta wuni a zaune tana saƙa 'yan huluna ƙanana tana warwarewa. Wata rana, ana cikin shirun nan na tsakar rana, aka duba ba ta. Aka sami mayafinta a ninke a gindin dabino. Masu iyo sun shiga ruwan sun fita ba su ga komai ba, an cigita har ƙauyuka, shiru. Da aka gaji aka yi sadaka, aka kuma daina ambatonta don kada a tayar wa Iya. Duk wannan kafin a haife ni.

Iya ta sa abin a wuyanta da kanta. Ya zauna mata cif kamar an gwada. Inna ta buɗe baki za ta yi magana, Baba ya girgiza mata kai.

Washegari da hantsi ya ɗaga Iya ta ce a ɗauko mata mayafi da sanda. Rabonta da fita ƙofar gida an manta. Baba ya yi rarrashi, ya kawo batun ƙafarta, ya kawo batun abin da mutane za su ce. Ta ce ko ya raka ta ko ya matsa mata. Haka muka fita, hannunta a kafaɗata, Baba yana biye da mu yana ta karanto addu'o'i ƙasa-ƙasa. Sai da rana ta take sosai muka kai, don tafiyar tata kaɗan-kaɗan ce. A bakin lungun ta ce Baba ya tsaya nan. Ya tsaya.

Na kai ta har wurin. Ta yi sallama, cikakkiya, irin wadda ake yi wa gidan mutane. Ba a amsa ba. Ta zauna a ƙasa daidai inda matar take zama, ta shafa wurin da hannu biyu. Ni ina tsaye a gefenta. Babu iska ko kaɗan, amma ganyen tumfafiyar cikin ɗakin yana ɗan kaɗawa, warin lakar nan kuma ya taso har ya fi na kullum.

Yaran yanzu ba za su gane nauyin abin da ya biyo baya ba, su da uwa ke ƙwala wa ɗan fari kira da sunansa a tsakiyar kasuwa. A zamanin su Iya, mace ba ta faɗar sunan 'yar farinta har ta mutu. Ba ta ɗaukarta a gaban mutane, ba ta yi mata wasa, in za ta yi zancenta sai ta ce “waccan” ko “yarinyar nan”. Iya ta haife ta, ta yaye ta, ta aurar da ita, ta rasa ta, ba ta taɓa furta sunanta ba. A kangon nan ta ɗaga fuska sama ta kira shi. Sunan ya fito mata a karkace, kamar kalmar baƙon harshe. Ta sake kira, da ƙarfi, har bango ya dawo da shi. Ta sake. Daga bakin lungu na jiyo Baba ya fashe da kuka irin na manya, mai kama da tari.

Ba wanda ya amsa. Can ta bayan katanga, a cikin ruwan, wani abu ya yi tsulum, sau ɗaya. Kwaɗo ne ko kifi ko wani abu dabam, Allah shi ya sani. Iya ta karkata kunne wajen ta daɗe. Sannan ta ce, a hankali kamar mai magana da wanda ke kusa, “Na samu. Ya yi mini daidai.” Ta miƙo mini hannu na tashe ta.

Ban sake ganin matar ba. An hana ni bin hanyar, da damina ta zo kuma sauran katangar ta zube ta toshe lungun. Baba har ya bar duniya yana cewa wata baiwar Allah ce mai yawo ta raɓe a kangon, ta ji labarin gidanmu a bakin mutane. Inna ba ta taɓa yarda ta wanke abin wuyan ba, ni nake wankewa. Iya kuwa duk sanyi da shi take yi har shekarar da ta cika. Ba zan ce ya warkar mata da tari ba, tana yi, sai dai ta daina juya fuska bango in an yi zancen kududdufi. Ni ma saƙa ta zame mini abin yi, na yi wa 'ya'ya na yi wa jikoki, na iya iri-iri daga baya, amma in mai koyo ta zo gajere da dogo nake fara ɗora ta a kai.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne hanyarmu ta komawa gida ran nan. Baba ya yi gaba yana share fuska da hula. Muna tafe a gefen ruwan, ladan bai kira ba tukuna, gari tsit. Iya ta matse kafaɗata ta sunkuyo daidai kunnena, don kada ɗanta ya ji. Na ɗauka za ta tambaye ni ko matar tana da inuwa, ko ƙafafunta irin namu ne, irin tambayoyin da aka yi ta yi mini jiya.

Ta ce, “Ta rame?”

Na ce, “A'a, Iya, ba ta rame ba.” Sannan na gaya mata abin da ban gaya wa su Inna ba saboda tsoro. “Amma akwai ranar da ta kama hannuna tana gyara mini riƙo. Iya, hannunta sanyi ƙalau, kamar ƙanƙara.”

Iya ta tsaya cak. Na ɗago a tsorace na dube ta, sai na ga murmushi take yi, hawaye yana bin kuncinta.

Ta ce, “Haka hannunta yake tun tana jaririya. Mu je.”